Jinyar Baba da gyaran tukunyar gidanmu

Litinin, 28 ga Afrilu 2025

Yau aka sallamo Baba daga asibitin koyarwa na Shika a nan Zariya bayan kwana tara a gado, Alhamdulillah. Na ce bari in riƙa rubuta komai saboda kaina ya cika, magani kala huɗu, ga abin da likita ya ce a yi ga wanda ya ce a bari, ga kuɗin da za mu yi lissafi da Yaya, in ban rubuta ba wallahi rikicewa zan yi.

Daren Asabar 19 ga wata ne Inna ta kira ni wajen ƙarfe biyu, ta ce in zo Baba ya kasa kwanciya. Na tarar da shi zaune ya jingina da bango yana haki kamar wanda ya yi gudu, kalma biyu ba ya iya haɗawa sai ya tsaya ya ja numfashi, ƙafafunsa sun kumbura har in ka danna da babban yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ashe ya fi sati uku takalminsa ba ya shiga, yana sa silifas, kuma filo uku yake tarawa kafin ya iya barci, duk bai faɗa wa kowa ba. Maƙwabcinmu ne ya fito da mota, daga Ƙofar Doka zuwa Shika ban san sau nawa na karanta Hasbunallahu ba. Sun sa masa oksijin, suka yi masa allurar fitar da ruwa, kafin gari ya waye robar fitsari ta cika an zubar ta sake cika, sannan numfashin ya fara sauka.

Hoton zuciya da suke cewa eko ya nuna ƙarfin turo jinin zuciyarsa kashi 35 cikin ɗari ne, na mai lafiya kuma daga 50 zuwa 70 yake. Likita ya zaunar da mu ya ce hawan jini ne na shekara da shekaru, zuciya tana ta tura jini da ƙarfin tsiya har namanta ya yi kauri daga baya ya gaji, in ta gaji sai ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafa. Gaskiyarsa ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka gaya wa Baba yana da hawan jini lokacin awon tafiya Makka, ya sha magani wata uku ya ajiye ya ce shi ba ya jin komai a jikinsa. Mu ma ba wanda ya matsa.

Kuɗin da aka kashe duka da gado da gwaje-gwaje da magani, ₦312,000. Ni da Yaya na Kaduna da ƙanwarmu ta Kano muka raba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na shiga Sabon Gari na sayo injin awon jini na hannu ₦28,000 da sikelin bene ₦12,500. Dokar da aka ba mu: kullum da safe bayan ya zaga, kafin ya karya, ya hau sikeli a rubuta. In ya ƙara kilo biyu cikin kwana uku to ruwa ne ba ƙiba ba, a dawo da shi ba sai ranar asibiti ta zo ba. Yau kilo 71, jini 132/84. Na sayi littafi mai layi na ɗaure biro a jikinsa na rataye kusa da gadonsa.

Da ina gwada injin a hannuna don in nuna wa Inna yadda ake ɗaurawa, sai ya nuna 148/94. Na ce ƙila gajiya ce da rashin barcin kwanakin nan.

Asabar, 3 ga Mayu

Rigimar abinci. Inna tun da ta ji an ce gishiri, sai ta ware masa 'yar tukunya daban, ba gishiri ba magi ba komai, miyar kuka kamar ruwan wanka. Loma biyu ya yi ya ture kwanon. Kwana uku ke nan haka, shayi kawai yake sha da burodi. Yau da na lallaɓa shi na ce Baba ku daure ku ƙara ko kaɗan ne saboda magani, sai ya dube ni ya ce, "Ku kuna can tsakar gida ƙamshin miyarku yana shigo min, ni kun kawo min abincin wanda ake jiran ya tafi." Wallahi sai da na fita zaure na share hawaye. Mutumin da shekara arba'in shi ne yake fara sa hannu a tire, jikoki kewaye da shi, yanzu an mayar da shi ɗaki da kwano ɗaya.

Na tuna nas ɗin da ta yi mana bayani ba cewa ta yi a cire gishiri gaba ɗaya ba. Cewa ta yi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram biyar a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan lissafin ya haɗa da duk wanda yake ɓoye cikin abinci, ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba. Sai na zauna kusa da Inna a kicin ina kallon yadda take haɗa miyar dare. Dunƙulen magi shida, gishiri a tafin hannu, ga 'yar kanwa, mutum tara ne a gidan. Da rana ma haka. Ga yajin da ake zubawa a kan komai shi ma da gishirinsa da maginsa aka daka shi, ga burodin safe. Shi kansa dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Ban ce mata komai ba yau don ta gaji, kuma ita a ganinta kyautata mana take yi, haka ta taso ta ga ana yi.

Talata, 6 ga Mayu

Kilo 70.4. An sa masa ɗan gishiri kaɗan a miya, ya ci rabin malmala. Ya taka daga ɗaki zuwa zaure sau biyu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ƙirga ƙwayoyin Lasix, maganin fitar da ruwa, na ga sun fi yadda ya kamata su rage da guda biyu. Da na tambaya ya yi shiru, daga baya ya ce ranar Juma'ar da ta wuce da yau bai sha ba, saboda in ya sha fitsari ba ya barinsa ya riƙe alwala, shi kuma yana so a kai shi masallaci. Ban yi masa faɗa ba, ai ba zai yiwu ba, na dai kira likitan a waya. Ya ce ƙarfin maganin awa shida ne wajen haka, ya sha da asuba da zarar ya idar da sallah, kafin azahar ya gama aikinsa. Da ma Inna sai wajen goma take ba shi bayan ya karya. Mun mayar da shi asuba kullum.

Laraba, 14 ga Mayu

Ranar asibiti. Kwana takwas Baba yana wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙoshi, ya hana shi barci ya hana Inna, har Gwaggo ta fara cewa sanyi ne a nemo zuma da citta. Ni tsorona kada ruwa ne ya dawo huhu. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce huhu a wanke yake, maganin hawan jininsa lisinofiril ne ya jawo, wasu mutane yana sa su irin wannan tarin. Ya canza masa zuwa losatan. An ɗebi jini don duba ƙoda da sinadarin fotasiyam na jini saboda maganin sifironolakton da yake sha yana iya ƙara shi, ₦9,000. Ya kuma ja mana kunne kan gishirin nan da ake sayarwa a manyan shaguna ana cewa na masu hawan jini ne, ya ce fotasiyam ne a cikinsa, kada Baba ya taɓa shi tare da waɗannan magungunan.

Na tambaye shi maganar kanwa, don a gidanmu kuka da kuɓewa da ɗanwake da wake duk sai an sa. Ya ce kanwa ai 'yar uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ɗin da ake gudu a gishiri shi ne cike a cikinta. Har ya ba ni labarin cewa tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka yi bincike a nan Zariya kan ciwon zuciyar da yake kama masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta, kuma har ƙasashen waje ana karanta wannan binciken. Abin ya ba ni mamaki, a garinmu aka gano amma a gidajenmu har gobe kunun kanwa ne gatan mai jego. Maman yara ma ta sha shi haihuwa uku.

Kafin mu fito na gaya masa abin da injin ya nuna a hannuna. Bai yi wasa da maganar ba, ya auna ni nan take, 146/92. Ya tambayi shekaruna na ce 39. Ya ce in auna safe da yamma na sati ɗaya, ina zaune na huta minti biyar, in kawo masa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Tarin ya tafi. Baba kilo 69.8.

Awona na sati ɗaya, in aka haɗa aka raba, 144/92. Daga 140/90 ake cewa hawan jini, to ba gajiya ba ce. Na hau sikelin Baba, kilo 89. Likita ya ce zai ba ni wata uku in gyara ci da motsa jiki, in bai sauka ba zai ɗora ni a magani kuma ba gardama.

Na rubuta duk abin da na ci cikin satin nan ba tare da na ɓoye komai ba, kuma da na karanta sai da jikina ya yi sanyi. Da safe burodi da shayi mai sukari cokali uku da ƙwai. Da rana a wajen aiki a Samaru shinkafa da mai da yaji ko ɗanwake, da lemon kwalba mai sanyi, kullum ɗaya wani lokacin biyu. Da dare tuwo a gida, sannan in fita majalisa, sau huɗu a sati sai na tsaya wajen mai tsire ko mai balangu, in ba haka ba indomi da ƙwai wajen mai shayi wajen sha ɗaya na dare. Ganye ko 'ya'yan itace, cikin kwana bakwai mangwaro biyu kawai na samu a lissafin, alhali abin da ake so giram 400 ne a kowace rana. Tafiyar ƙasa kuma daga ƙofar gida zuwa kan mashin. Baba da ya kai shekaruna noma yake yi yana hawa keke zuwa Dakace ya dawo, duk da haka ga inda abin ya kai shi, ina ga ni da nake wuni a kujera.

Na nuna wa Maman yara takardar. Ta ce ta daɗe tana so ta yi min maganar tsiren daren nan tana gudun in ce ta sa min ido.

Lahadi, 25 ga Mayu

Mun yi zama da Inna da matar ƙanina da take taya ta girki. Na ce a daina tukunya biyu. A gidan Baba da gidana duka tukunya ɗaya za a riƙa yi, a rage wa kowa. Inna ta ce yara ba za su ci ba, baƙi kuma za su ce ba ta iya girki ba, wannan ta biyun ita ce ta fi damunta na lura. Muka daidaita a kan a sauka a hankali: magi daga shida zuwa uku na sati biyu, sannan biyu, gishiri a auna da cokali a daina ɗiba da hannu, kanwa a ajiye ta. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kifi banda. Wake a jiƙa shi tun dare ya yi laushi ba sai an sa kanwa ba. An daka sabon yaji na gida ba gishiri, da ƙuli da citta da barkono da kimba.

Yau faten tsaki aka yi da yakuwa da alayyafo da gyaɗa, tsamin yakuwar ya rufe rashin gishirin sosai. An shimfiɗa wa Baba tabarma a tsakar gida ya ci da jikoki a tire ɗaya, har ya ce a ƙara masa.

Asabar, 31 ga Mayu

Baba kilo 69.5, jini 126/80. Yana zuwa masallacin unguwa azahar da la'asar da ƙafarsa, da sanda. Maganin wata ₦34,000. Ni kwana tara ban sha lemon kwalba ba, ina tafiya da zoɓo ba sukari a gora. Ciwon kai na kwana uku na farko ya wuce.

Alhamis, 5 ga Yuni

Gobe Babbar Sallah. Rago biyu. Na gaya wa Inna a ware wa Baba tsoka marar kitse a dafa masa da kayan ƙamshi, kada a ba shi soye.

Talata, 10 ga Yuni

Muna Shika tun jiya da dare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zan rubuta yadda abin ya faru don kada a sake. Ranar Sallah da Asabar ban auna shi ba, hidima ta yi yawa, fiɗa, rabon nama, gaisuwa gidan surukai, na ce ai yana lafiya kwana biyu ba komai. Gidan ya cika da baƙi, kowa ya shigo gaishe shi da ɗan kwanon soyensa, Baba kuma ba zai iya mayar da hannun kyauta ba, ga shi ya yi wata ɗaya da rabi bai ɗanɗana irin wannan ba. Soyen layya kowa ya san yadda ake yinsa, gishiri da magi ake zubawa sosai don ya daɗe bai lalace ba. Ya ci na wannan ya ci na wancan, ƙishirwa ta taso ya yi ta shan ruwa da kunun aya. Bayan haka zaman filin idi ya tayar masa da ciwon gwiwa, wani ɗan uwanmu da ya zo daga ƙauye da kyakkyawar niyya ya je kemis ya sayo masa dikulofenak, yana sha safe da dare tun Juma'a ba wanda ya sani, a aljihun rigarsa na samu ragowar katin.

Lahadi na ga kamar yana haki in ya tashi amma ya ce gajiyar baƙi ce. Jiya da safe na ɗora shi a sikeli, 72.3. Daga 69.5. Ƙafa ta kumbura zuwa ƙwauri. Maimakon in ɗauke shi nan take sai na ce bari mu ga yamma, wannan shi ne kuskuren da ya fi ci min rai, don dokar a rubuce take a shafin farko na littafin da hannuna. Da isha ya kasa kwanciya kamar wancan daren.

Likitan da ya karɓe mu da na nuna masa katin maganin ya girgiza kai. Ya ce irin su dikulofenak da ibufurofen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna kashe ƙarfin maganin fitsarin, kuma haɗa su da losatan yana iya taɓa ƙodar kanta. Mai irin ciwon Baba farasitamol ne nasa in ciwo ya taso, in bai yi ba a zo asibiti. An mayar da shi kan allura. Yau da yamma numfashi ya daidaita, gwajin ƙoda ya ɗan hau amma sun ce suna sa ran zai sauka.

Inna tana zaune a bakin gado tana ta cewa laifinta ne da ba ta tsaya a ɗakin ba. Na ce mata Inna ki daina, ni ne mai sikeli.

Juma'a, 13 ga Yuni

An sallame mu. Kilo 69.9, ƙoda ta dawo daidai, Alhamdulillah. ₦96,000, Yaya ya turo sittin.

Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe da boko da ajami na manna a ƙofar ɗakinsa: don Allah kada a ba Alhaji wani magani ko abinci daga waje sai an tambayi Inna. Gwaggo ta ji haushi don ta zo da jiƙon wasu saiwoyi da aka ce mata yana wanke zuciya, na ɗanɗana na ji kanwa zau a ciki. Na durƙusa na ba ta haƙuri na yi mata bayanin abin da ya kai mu asibiti, na ce Gwaggo addu'arku muke so fiye da komai. Ta tafi da gorarta, ba ta ce komai ba, zan je gidanta da kaina cikin sati.

Na koya wa ɗan ƙanina mai shekara sha huɗu yadda ake awo da rubutawa, duk ranar da ban zo ba shi ne mai littafi.

Juma'a, 20 ga Yuni

Nawa lissafin. Ni ma na ci soyen nan sati guda cur, da dambun nama, kuma kwanakin asibiti na koma lemon kwalba da burodi. Awon shekaranjiya 150/95. Na sake ɗaura niyya. Ragowar soyen gidana an raba wa almajirai da maƙwabta.

Na fara tafiya bayan asuba, daga gida a Tudun Wada in bi titi zuwa wajen Kongo in dawo, minti talatin da 'yan kai, kwana biyar a sati ya ba da minti 150 ɗin da likita ya ce. Damina ta kankama, in ana ruwa da safe sai in mayar bayan la'asar. Abincin rana yanzu daga gida nake tafiya da shi a kula, yawanci wake da alayyafo ko kwaɗon zogale ko dambu da ganye. Abin da ya fi wuya majalisa ce, ƙamshin tsire yana tasowa abokai suna miƙo maka, in ka ce a'a a yi ta tambaya. Na gaya musu gaskiya na nuna musu lambobin a waya. Mutum biyu sun ce in zo da injin su ma a auna su.

Lahadi, 29 ga Yuni

Ba wani labari. Baba 69.2, 128/80. Magi biyu a tukunya, ba wanda ya yi ƙorafi, ƙaramin jikan ma da ya ci abincin biki jiya ya ce gishiri ya yi yawa. Na je gidan Gwaggo mun shirya.

Laraba, 9 ga Yuli

Asibiti. Baba kilo 68.8, jini 122/78, ƙafa ba kumburi, filo ɗaya yake kwana da shi yanzu. An ɗan ƙara masa maganin zuciya kabedilol, likita ya ce a hankali ake hawa da shi, mu lura da jiri in ya miƙe. Za a sake eko a watan Agusta a ga ko ƙarfin zuciyar ya motsa daga 35, na fara ware ₦10,000 duk sati saboda shi da maganin wata. Baba ya tambayi likita da bakinsa ko in ya ji sauƙi sosai zai iya ajiye magungunan, likita ya ce Alhaji sauƙin da kuke ji ai su ne suka kawo shi, ba a ajiyewa. Na ji daɗi da ya yi tambayar a gabana.

Ni kuma kilo 85.5, awon satin nan 137/87. Ya ce in ci gaba, za mu yanke magana a ƙarshen Agusta.

Da muka dawo gida ɗan ƙanina yana wasa da injin ya ce Inna kawo hannunki. Duk watannin nan ita take ɗaura wa Baba amma ba ta taɓa yarda an auna ta ba, kullum sai ta ce ita lafiyarta ƙalau. Ya nuna 162/98. Muka bari ta huta muka sake, 158/96. Ta ce hayaƙin murhu ne. Na kira Yaya na gaya masa, shi ma na ce ya je ya auna kansa gobe ya turo min lambar. Zan auna ta safe da yamma zuwa Lahadi a sabon shafi a bayan littafin Baba, Litinin 14 ga wata in sha Allah in kai ta a buɗe mata kati.